Back to the Future ya ɗaga jarumansa ne, ko haɗiye su ya yi?

Dan_Fagge88
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana ina so masana su warware mana. Back to the Future, labarin saurayi Marty da mai ƙirƙire-ƙirƙire Doc da motarsu mai kai mutum zamanin baya ko na gaba, kashi uku ne, 1985 da 1989 da 1990. Na farkon kaɗai ya tara sama da dala miliyan 380 a duniya, alhali miliyan 19 aka kashe masa. Fim mai irin wannan kasuwa ai kamata ya yi duk wanda ya leƙo a ciki ya haye. To in ka cire Michael J. Fox mai fitowa a Marty, wa ya zama babban jarumi a cikinsu? Ni a ganina haɗiye su fim ɗin ya yi. Biff, bos ɗin fim ɗin, har gobe Biff ne, Doc har gobe Doc ne. Ko na yi kuskure?

Baba_Sinima
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun daga kan Doc ka kauce. Christopher Lloyd da girmansa ya shigo fim ɗin. Haihuwar 1938 ne, yana da shekara 46 aka ɗauki kashi na farko. Ya daɗe yana wasan daɓe a New York kafin ya fara fim a 1975 da One Flew Over the Cuckoo's Nest, kuma ya riga ya ci kyautar talabijin ta Emmy har biyu, 1982 da 1983, a shirin barkwanci na Taxi. A 1984 shi ne bos a Star Trek kashi na uku. Bayan Doc kuwa, shi ne alƙalin nan mai ban tsoro na Who Framed Roger Rabbit a 1988, shi ne Kawu Fester na The Addams Family a 1991 da 1993, ya ƙara Emmy ta uku a 1992. Har a 2021 ga shi nan riƙe da bindiga a Nobody, ya haura tamanin. Shi tun asali ba mutumin fosta ba ne. Irin 'yan wasan nan ne da ake nema in ana son wanda zai ɓace cikin rol, kuma wannan layin ya fi ƙarko don bai dogara da ƙuruciya ba.

Auwal_Kyamara
Shi kansa Fox ɗin da ka cire, ba shi aka fara ɗauka da shi ba. Shi darakta Robert Zemeckis da abokin rubutunsa Bob Gale suke so tun farko, amma yana ɗaure da kwantiragin shirin Family Ties, kuma mai shirin, Gary David Goldberg, ya ƙi sakinsa saboda wadda ke fitowa a mahaifiyarsa, Meredith Baxter, tana hutun haihuwa, nauyin shirin ya dawo kansa. Sai aka ba Eric Stoltz, wanda shugaban Universal, Sid Sheinberg, ya fi so. An fara ɗauka ƙarshen Nuwamban 1984, aka yi wajen sati shida. Da suka zauna suka kalli abin da aka haɗa, sai suka ga ba dariya a ciki: Stoltz ya ɗauki labarin a matsayin abin tausayi, su kuma barkwanci suka rubuta. A Janairun 1985 aka sallame shi. Sake ɗaukar ya ci tsakanin dala miliyan uku da huɗu.

Sharaɗin da Goldberg ya kafa kafin ya saki Fox shi ne shirin talabijin ne gaba, fim ya ɗauki abin da ya rage. Don haka daga wajen goma na safe zuwa shida na yamma yana Paramount, daga nan direba ya kwashe shi zuwa lokeshan, a yi ta ɗauka har tsakar dare, wani lokaci har asuba. Ranar Juma'a ake naɗar shirin a gaban 'yan kallo, don haka ranar ya fi makara. Duk wani sin na waje da ke buƙatar hasken rana sai Asabar da Lahadi. A bayan mota yake barci a hanya. Wata uku ana haka, aka gama a Afrilu, fim ya fito 3 ga Yuli.

Shamsu_Kumasi
Wannan canjin ba Stoltz kaɗai ya ci ba. Melora Hardin ce aka ɗauka a budurwar Marty, da aka kawo Fox sai aka ga ta fi shi tsawo, aka sallame ta ko sin ɗaya ba ta yi ba. Tsawon Fox ƙafa 5 da inci 4 ne. Lloyd kuma ƙafa 6 da inci 1, shi ya sa za ku ga Doc kullum a ɗan duƙe in suna tare, ko a aje ɗaya kusa da kyamara ɗaya a nesa.

Ummu_Hanan
Malam Dan_Fagge, kafin a ce fim ya haɗiye mutum sai a duba abin da ya yi bayansa kai tsaye, don nan ake cin riba ko a zubar. Ɗauki Lea Thompson, wadda ta fito a Lorraine, uwar Marty. Tana da shekara 23 aka mayar da ita uwa mai 47, kuma kwana tara kacal ta ba Fox a haihuwa, ita 31 ga Mayun 1961, shi 9 ga Yuni. Bayan fim ɗin ƙofa ta buɗe mata, ta samu manyan finafinai biyu a 1986. Na farko SpaceCamp, labarin yaran da kumbo ya tashi da su bisa kuskure. Kafin ya fito kumbon Challenger ya tarwatse a 28 ga Janairun shekarar, mutum bakwai suka mutu. Wa zai kai 'ya'yansa kallon hatsarin kumbo bayan wata huɗu? Na biyu Howard the Duck, George Lucas mai Star Wars na bayansa, kowa na ganin an gama. Ya faɗi warwas, abin da ya tara a Amurka bai kai rabin kuɗin da aka zuba ba. Faɗuwa biyu a shekara ɗaya, a Holiwud ta lokacin, mace ba ta cika samun dama ta uku a babban fim ba.

Amma ba ta zauna ba. Caroline in the City daga 1995 zuwa 1999, ita ce mai sunan shirin. Switched at Birth daga 2011 zuwa 2017. Yanzu kuma darakta ce, ta ba da umarni a The Goldbergs da Star Trek: Picard. Agwagwar nan ta Howard the Duck ce ta tare mata hanya, ba Lorraine ba.

Dan_Fagge88
Hajiya na karɓi wannan, na Baba ma na karɓa. To George fa, uban Marty? Ana gama kashi na ɗaya ya ɓace.

Lauya_Kabiru
Bai ɓace ba, rabuwa aka yi baram-baram, kuma tasa ce ta fi kowacce barin tarihi a sana'ar. Crispin Glover ke nan, haihuwar 1964, wato uban ya fi ɗan ƙuruciya da shekara uku. Da aka zo kashi na biyu ba su daidaita ba. Bob Gale ya ce kuɗin da ya nema sun wuce hankali. Shi kuma Glover ya ce abin da aka yi masa tayi bai kai rabin na Thompson da Thomas F. Wilson mai fitowa a Biff ba, kuma tun a na farko ya ɓata da su saboda ya soki ƙarshen labarin, inda ladan iyalin ya zama dukiya da sabuwar mota.

Canza ɗan wasa ba laifi ba ne, kullum ana yi. Inda aka taka doka shi ne yadda aka canza shi. Aka kawo Jeffrey Weissman, aka yi masa hanci da haɓa da kumatu na roba daga awon fuskar Glover da aka ajiye tun kashi na farko, aka cuɗa da tsofaffin hotunan Glover, har masu kallo da yawa suka ɗauka shi ne. A 1990 ya kai ƙara kan cewa an yi kasuwanci da kamanninsa ba izini ba biya. Ba a kai ga hukunci ba, sulhu aka yi a wajen kotu, rahotanni suka ce dala 760,000. Bayan nan ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta sa ƙa'ida a yarjejeniyarta da kamfanoni da ta hana irin wannan.

Zulai_Mekof
Bari in ƙara kan yadda fuskarsa ta zo hannunsu, don ba sata suka yi ba. Duk wanda za a tsufar da shi sai an ɗauki awon fuskarsa. Ana rufe gashi da hular roba, a shafa man gira, sai a kwaɓa alginate, abin nan da likitan haƙori ke ɗaukar awon baki da shi, a lulluɓe fuskar duka a bar ƙofofin hanci kawai. Cikin 'yan mintoci yake kamawa. A ɗora bandejin filasta a kai don ya riƙe siffar, in ya bushe a ɗaga a hankali. Sai a zuba filasta mai ƙarfi a cikin ramin nan da nan, don alginate in ya sha iska yana tsukewa, awon ya lalace. Abin da ya fito shi ne kan mutum sak.

A kan wannan kan ake gina tsufar da yumɓu: tattarar goshi, jakar ƙasan ido, saɓar wuya. A sake yin wani mazubi, a cika da roba mai kumfa, a gasa a tanda na awoyi. Kowane yanki sau ɗaya ake amfani da shi, gefensa siriri ne kamar fatar albasa, wurin cirewa yake yagewa. Kwana goma na ɗauka, saiti goma. Matsalar ɗora fuskar wani a kan wani ita ce ƙashi ba ɗaya ba ne, ido da baki ba sa zama daidai inda aka auna. Shi ya sa a kashi na biyu ba a taɓa barin ka ƙare wa George kallo: ko an juya masa baya, ko yana nesa, ko da tabarau, ko an rataye shi kai a ƙasa a sin ɗin 2015. Ragowar kuma marubuta suka huta da shi, suka kashe George a 1985 ɗin da Biff ya lalata, dutsen kabarinsa na ɗauke da 15 ga Maris 1973.

Shamsu_Kumasi
Ni dai Barista ban ga gwaninta a abin da Glover ya yi ba. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga finafinai biyu da kowa ya san za su ci kasuwa, ka tsaya jayayya da darakta kan ma'anar labari. Kashi na biyu ya tara sama da miliyan 330, na uku sama da 240. Ya yi wa kansa.

Lauya_Kabiru
Ya danganta da abin da yake nema, ɗan'uwa. Bai taɓa bin layin jarumta ba. River's Edge ya yi a 1986, ya fito a Andy Warhol a The Doors a 1991, siririn makashin nan da ba ya magana a Charlie's Angels a 2000, Willard a 2003. Kuɗin manyan finafinan yake zubawa a nasa ƙananan da yake ba da umarni, ya ɗauke su gari-gari yana nunawa da kansa. Kuma a 2007 shi da Zemeckis ɗin sun sake aiki tare a Beowulf. Batun ƙarar kuwa, duba yajin aikin 'yan wasan Amurka na 2023, kwana 118 daga Yuli zuwa Nuwamba. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka yi ta ja a kai shi ne kwafar fuska da muryar mutum da kwamfuta. Tambayar Glover ce ta dawo, roba ce kawai ta koma na'ura.

Malam_Edita
Tunda an shigo kashi na biyu, a san irin aikin da waɗanda suka zauna suka sha. Na biyu da na uku a jere aka ɗauke su, daga Fabrairun 1989 har cikin Janairun 1990, kusan shekara guda ɗan wasa ba ya iya karɓar wani babban aiki. A teburin cin abincin 2015 Fox mutum uku ne: tsohon Marty, ɗansa, da 'yarsa Marlene. A da in za a yi haka sai a kafe kyamara, a raba allo gida biyu. Kamfanin haɗa siddabarun fim na ILM ya ƙera musu VistaGlide, kyamarar da kwamfuta ke haddace motsinta: tafiya, juyawa, zuƙowa, fokas. A ɗauki rol na farko, ɗan wasa ya tafi a canza masa kwalliya na awoyi, ya dawo kyamara ta maimaita motsin sak, shi kuma yana jin muryarsa ta ɗazu a kunne don ya san inda zai amsa. Layin rabon ma yana matsawa, yana ɓuya a jikin ƙofa ko kujera.

Abin da ke ɓata shi kaɗan ne. Kofi ya gusa, labule ya motsa, fitila ɗaya ta rage haske, shi ke nan sai an sake daga farko. Don haka manne kayan saitin ake yi da gam, a hana kowa shiga. Mafi wuya shi ne abu ya tsallaka layin, kamar inda tsohon Biff ke miƙa wa yaron Biff littafin sakamakon wasanni a cikin mota.

Yar_Damagaram
Malam Edita ka kawo mu kan Biff, kuma a nan ne kaɗai nake ganin mai tambaya yana da ƙamshin gaskiya. Thomas F. Wilson ya fi kowa yawan fuska a finafinan: Biff yaro, Biff magidanci, Biff tsoho, Biff attajiri, jikansa Griff, da kakan mahaifinsa Buford na 1885 wanda sai da ya koyi hawan doki da jifa da igiya dominsa. Duk da haka bai ƙara samun babban rol a sinima ba. Bos mai faɗin ƙirji da ake yi wa dariya, furodusa ya gan shi ba ya ganin kowa sai Biff. Sai ya karkata inda ba a ganin fuska ko ba a damu da ita ba: murya a SpongeBob, wasan kwamfuta na Wing Commander, kocin makaranta a Freaks and Geeks, barkwancin tsaye, zane. Tambayoyin mutane sun ishe shi har ya buga ɗan kati mai amsoshi yana miƙa wa duk wanda ya tare shi. A ciki har da bayanin takin da ake kifa masa a kowane kashi: ba kashin dabba ba ne, ƙasa ce da gansakuka da ɓawon itace, da wani abu mai danƙo.

Baba_Sinima
Wannan ciwon ai mun san shi a gida. Mutum nawa ne za su ce Rabilu Musa kafin su ce Ibro, Allah ya jiƙansa? Sunan rol in ya kama mutum, abinci ne kuma turke ne.

Ummu_Hanan
Gyara kaɗan ga Malam Shamsu. Kafin Melora Hardin, Claudia Wells aka fara ba rol ɗin Jennifer, budurwar Marty, wani shirin talabijin ya riƙe ta. Da ɗauka ta ja saboda canjin Stoltz sai ta samu sarari ta dawo. A kashi na biyu kuma ita ta janye da kanta, mahaifiyarta na fama da ciwon daji. Aka kawo Elisabeth Shue, aka sake ɗaukar ƙarshen kashi na ɗaya daki-daki da ita don buɗe na biyu. Wells ta buɗe shagon kayan maza a Studio City. Shue kuwa rol ɗin bai ba ta komai ba, barci aka sa ta kusan duk fim ɗin, don Zemeckis da kansa ya ce da ya san za a yi ci gaba da bai sa budurwar a motar ba. Amma a 1995 Leaving Las Vegas ya kai ta takarar Oscar. Rol ɗaya, mata uku, kowacce da inda ta nufa.

Nas_Bilki
Ku gafarce ni, ana ta cewa Fox ne ya haye kamar tasa ta tafi sumul. Ana ɗaukar Doc Hollywood a Fulorida ƙaramin yatsansa na hagu ya fara rawa. A 1991 aka tabbatar masa da cutar Parkinson yana da shekara 29, likita ya ce masa aikin shekara goma ya rage masa. Wannan ne ya sa ya yi ta karɓar finafinan barkwanci da sauri, Life with Mikey, For Love or Money, Greedy, ba wanda ya yi abin kirki a kasuwa. Shekara bakwai yana ɓoyewa.

Yadda ake ɓoye ta a gaban kyamara: karkarwar ta fi tashi in hannu na hutawa, tana lafawa in yana aiki. Ku lura da shi a finafinan shekarun nan, kullum da abu a hannun hagu, biro, waya, agogo, ko hannun na aljihu. Maganin levodopa kuma yana ɗaukar rabin awa zuwa awa kafin ya kama, ya yi 'yan awoyi ya sake. In an sha da wuri ya sake ana tsakiyar sin, in an makara jiki ya sandare, in ya yi yawa ya kawo wani motsin na daban, jiki na lanƙwasa ba da son mutum ba. Fim ba shi da lokaci tsayayye, ana iya kiranka biyar na asuba a ɗauke ka uku na rana. Shirin barkwanci na talabijin kuwa dare ɗaya ake naɗa a sati, a sa'a sananniya. Dalilin komawarsa Spin City a 1996 ke nan, ga shi a New York kusa da iyalinsa. Ya bayyana cutar a 1998, ya bar shirin a 2000, ya kafa gidauniyarsa a shekarar, wadda ta zuba sama da dala biliyan biyu a bincike. Da ya dawo kuma da ciwon ya yi aiki: lauya Louis Canning na The Good Wife da gangan yake nuna lalurarsa don ya sace zuciyar masu yanke hukunci. A 2020 ya ce ya ajiye, haddar layi ta fara gagararsa.

Malam_Edita
Ƙari kan na Malama Bilki: fita ta ɗari cif ya bar Spin City, kuma ba banza ba. A tsarin Amurka sai shiri ya kai wajen ɗari ake iya sayar wa ƙananan tashoshi su maimaita kullum, Litinin zuwa Juma'a, sati ashirin ba a maimaita ɗaya ba. Nan kuɗin yake, kuma Fox yana cikin furodusoshin shirin. Na Thompson ma na farko ya kai 97, na biyu 103. Wanda ke auna nasarar ɗan wasa da fosta kaɗai ba zai ga wannan ba.

Auwal_Kyamara
Ku duba 'yan bayan fage ma. A yaran Biff akwai Billy Zane, fim ɗinsa na farko ke nan, shi ne angon nan mai girman kai na Titanic a 1997. A yaran Griff akwai Jason Scott Lee, wanda ya fito a Bruce Lee a Dragon a 1993. Ɗaya daga cikin yara biyun da ke raina wasan harbi a shagon Cafe 80s Elijah Wood ne yana da shekara takwas, wanda daga baya ya fito a Frodo na The Lord of the Rings. Su ba wanda ya riƙe fuskarsu, ba abin da ya manne musu.

Dan_Fagge88
To ai Malam Auwal ka dawo da ni kan maganata. Waɗanda ba a lura da su ba sun wuce, wanda aka fi lura da shi bayan Fox, wato Biff, ya maƙale. In haka ne shi Stoltz da aka kora ma ya fi wasu sa'a.

Shamsu_Kumasi
Kai, a kore ka daga fim ɗin da ya fi kowanne kasuwa a 1985 ka ce sa'a?

Ummu_Hanan
Wata biyu bayan korar, fim ɗinsa Mask ya fito, ya shiga takarar Golden Globe da shi. A 1987 ya ja Some Kind of Wonderful, kuma yarinyar da yake bi a ciki Lea Thompson ce, wadda da an bar shi da ita ce uwarsa. Daraktan fim ɗin, Howard Deutch, shi ta aura a 1989. Stoltz ya fito a dillalin ƙwaya a Pulp Fiction a 1994, daga baya ya koma bayan kyamara, ya ba da umarni a Glee da Madam Secretary. Hotunansa na sati shidan nan suna wurin Universal, daƙiƙu kaɗan aka taɓa saki a 2010, su ma ba murya.

Yar_Damagaram
Hajiya, shi ne dai har yau in an yi maganarsa sai an fara da fim ɗin da ba ya ciki. Malam Dan_Fagge sai ka faɗa mana layin da za ka sa shi, na waɗanda aka haɗiye ko na waɗanda aka tofar.